Koci, Ajiye Bulalar Nan

Da ku nake, masu horar da yara ƙwallo a filayen Yashe da Kusada da Kankiya, tun daga Mawashi da Kofa har Rimaye da Kafin Soli. Da kai nake, mai usur a wuya, wanda yara ke kira Koci suna rusunawa. Abin da da yawanku ke yi wa 'ya'yan mutane da sunan horo zalunci ne. An daɗe ana gani ana kawar da kai, saboda kunya da zumunci da "ai taimako yake yi." Yau sai an faɗa.

Babu wanda bai san yadda abin yake ba. An sauko daga sallar la'asar, an hallara a filin firamare, an kafa duwatsu ko sanduna a matsayin raga. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya ba da fasin, ƙwallo ta faɗa ƙafar abokin hamayya. Sai usur. A tsayar da wasa gaba ɗaya, a kira shi tsakiyar fili, manya da yara na kallo. "Kai jaki ne? Wa ya ce ka zo nan? Daƙiƙin banza, ko a gidanku ba ka da amfani." Wani kocin ba ya tsayawa kan yaron, sai ya haɗa da uwa da uba. Daga nan tsallen kwaɗo daga wannan raga zuwa waccan, ko zagaye fili sau goma, ko kamun kunne har ƙafa ta riƙa rawa. Idan ran Koci ya ɓaci sosai, mari ne, ko dorina, ko igiyar usur ɗin kanta. Ruwan sha kuwa a hana shi sai an tashi. 'Yan kallo su yi dariya, abokan wasansa su sunkuyar da kai, kowa na addu'ar kada ƙwallo ta zo wurinsa. Sannan a busa usur a ce a ci gaba, kamar ba a yi komai ba.

Na san abin da za ku fara cewa, kuma gaskiya ne. Ba a biyan ku ko sisi. Daga aljihunku kuke sayen ƙwallo, ku ɗinke ta idan ta fashe, ku bi masu hali kuna roƙon kuɗin riguna, ku yi cinikin motar da za ta kai yara wasa Ingawa ko Charanchi. Wani ya bar shagonsa, wani ya bar gonarsa, wani ya ajiye babur ɗin da yake ci da iyali da shi. Allah ya saka muku. Amma kuɗin ƙwallon da ka kashe bai saya maka mutuncin ɗan kowa ba. Wanda ya ciyar da maraya ma ba a ba shi izinin wulaƙanta shi ba, balle wanda ya sayi tamaula.

Hujjarku ta farko ita ce, "Idan ban yi masa tsawa ba, ba ya gyarawa. Da na zage shi jiya, ka ga yadda ya taka yau." Wannan magana ta yaudari waɗanda suka fi ku ilimi, don haka ku tsaya ku ji inda take da rami. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya samu kyautar Nobel a 2002, ya gamu da ita tun a shekarun 1960 a wurin masu koyar da tuƙin jiragen yaƙi. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa duk ɗalibin da ya yaba wa, tashi na gaba sai ya ragu, wanda kuwa ya yi wa tsawa sai ya gyaru. Kahneman ya gano cewa mutumin yana ganin abu na gaskiya, amma ya ɗora shi kan dalilin ƙarya. Kowane ɗan wasa yana da iyakar da ya saba takawa. Ranar da ya yi mugun wasa fiye da al'adarsa, galibi gobe zai dawo daidai, ko an zage shi ko ba a zage shi ba. Ranar da ya yi bajintar da ta wuce al'adarsa, galibi gobe zai ɗan sauko, ko an yabe shi ko ba a yabe shi ba. Kai kuma kana zagi ne a ranar da ya fi lalacewa, washegari ya koma yadda yake, sai ka ɗauka zaginka ne ya yi magani. Yaron zai dawo daidai ko da ka yi shiru. Abin da zagin ya ƙara masa kawai shi ne tsoronka.

Tsoron nan kuwa ana ganinsa a ƙafar yaro. Ku kalli ƙungiyar da kocinta ke duka. Ɗan tsakiya ya karɓi ƙwallo, ga hanya a gaba, amma sai ya mayar da ita baya, domin fasin baya ba ya jawo mari. Ɗan gaba ya samu gola shi kaɗai, maimakon ya buga sai ya waiga benci. Mai tsaron baya ya daina hawa. Wanda Allah ya ba yanka ya daina yanka. Akwai ma wanda ke laɓewa bayan abokin hamayya da gangan don kada a ba shi ƙwallo, tun da wanda bai taɓa ta ba ba zai yi kuskure ba. Daga nan sai ka tsaya a bakin layi kana ihu, "Ba ku da zuciya!" Kai ka cire musu ita. Ƙwallo wasa ne na yanke shawara cikin ƙiftawar ido, kuma yaron da rabin hankalinsa ke kan fuskar Koci da rabi kawai yake wasa.

Wannan ba sabon ilimin Turawa ba ne. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ware babi guda kan cutarwar da tsanantawa ke yi wa masu koyo. Ya bayyana cewa yaron da aka rena da gallazawa yakan rasa kuzari, ya zama malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara, yana nuna abin da ba shi ne a ransa ba don gudun hukunci. Shekara sama da 600 ke nan, kuma kamar a filayenmu ya zauna ya rubuta. Yaron da ya ce maka "ba komai, Koci" alhali gwiwarsa ta kumbura, da wanda ya ce babansa ne ya aike shi alhali tsoron atisaye ne ya hana shi zuwa, duk ɗalibanka ne a darasin da ba ka san kana koyarwa ba.

Sannan ina yaran da suka daina zuwa? Wannan tambayar ce na fi so kowane koci ya kwana da ita. Ɗauki littafin da kake rubuta sunaye, in kana da shi, ka duba waɗanda ka fara da su shekara biyu da suka wuce. Nawa suka rage? Za ka ce raggaye ne, ba su da juriya. A Amurka, wasu malamai biyu na Jami'ar Washington, Ronald Smith da Frank Smoll, sun kwashe shekaru tun daga 1970 da wani abu suna bin masu horar da yara fili fili, suna rubuta abin da kowane koci ke yi idan yaro ya yi daidai da idan ya yi kuskure. Daga baya suka shirya ɗan gajeren horo na 'yan sa'o'i ga kociyoyi: a yaba ƙoƙari, a ƙarfafa yaro bayan kuskure, a nuna masa gyara ba tare da muzantawa ba. A binciken da suka fitar a 1992 tare da Nancy Barnett kan yara masu wasan besbol, kashi 5 cikin ɗari ne kawai na yaran kociyoyin da aka horar suka daina wasa a kakar da ta biyo baya. A wurin waɗanda ba a horar ba, kashi 26 ne suka tafi. Wajen cin wasa da faɗuwa kuwa, ɓangarorin biyu ba su bambanta ba. Wato sauƙin hali bai sa an yi asarar wasa ba, tsanani kuma bai kawo kofi ba, illa ya kori yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Sun kuma gano cewa yaran da dama ba su yarda da kansu ba, su ne halin koci ya fi tasiri a kansu, ko ta alheri ko ta sharri. A wurinmu wannan shi ne maraya, da ɗan da iyayensa suka rabu, da wanda ya zo fili babu takalmi, da wanda aka riga aka gama kira daƙiƙi a aji tun da safe.

Wasu masanan biyu, Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester, sun yi bayanin dalili tun a 1985. Mutum yana dawwama kan abu ne idan ya ji da son ransa yake yi, ya ji yana ƙara iyawa, ya kuma ji waɗanda yake tare da su sun damu da shi. Yaron da ya tako daga ƙauye a ƙasa, bayan ya gama aikin gona, don ya buga ƙwallo, ya riga ya zo da na farkon a cike. Babu wanda ya tilasta shi. Aikinka kawai ka ƙara masa biyun da suka rage. Kai kuwa sai ka hana shi magana, ka gaya masa bai iya komai ba, ka sa abokansa su yi masa dariya. Cikin wata uku ka rushe abin da ya zo da shi daga gida.

Kuma kada mu yi kamar ba mu san inda yaron da ya bar fili yake zuwa ba. Ba ɗakin karatu yake tafiya ba. Majalisar da ke bakin tasha tana nan, kuma a can babu mai ce masa jaki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa matasan Arewa. Mu Katsinawa mun san kauraye, mun kuma san abin da ya fi kauranci muni a dazuzzukan da ke yamma da mu. A irin wannan ƙasa, sa'o'i biyun da saurayi ke yi a fili tsakanin la'asar da magariba kariya ce babba. Duk kocin da ya kori yaro da bakinsa ya sani cewa akwai masu jiran karɓarsa hannu bibbiyu.

Hujja ta biyu daga gidan kallo kuka ɗauko ta. "Ai Ferguson ma yana yi wa 'yan wasa tsawa. Ai har takalmi ya harba ya fasa wa Beckham gira." Haka ne, ya faru a Fabrairun 2003, bayan Arsenal ta fitar da Manchester United daga kofin FA. Amma kun ɗauki aibin mutumin kun bar abin da ya sa ya zama Ferguson. Tsawarsa a ɗakin sauya kaya yake yin ta, ga manyan mutane masu albashin miliyoyi, a waje kuwa yana kare su kamar 'ya'yansa. A 1998, da aka ba Beckham jan kati a wasan Ingila da Ajantina saboda ya shuri Simeone, ƙasar gaba ɗaya ta taso masa, har mutum-mutuminsa aka rataye. Ferguson ya kira shi a waya, ya ce ya dawo gida ƙungiya na bayansa. A kakar da ta biyo baya United ta ɗauki kofi uku, Beckham ya zo na biyu a zaɓen gwarzon Turai na 1999. Haka ya yi wa Cantona a 1995, da ya yi tsalle ya shuri ɗan kallo aka dakatar da shi wata takwas: ya bi shi har Faransa ya lallashe shi kada ya bar ƙungiyar. Shi da kansa, bayan ya yi ritaya a 2013, ya gaya wa masu bincike na Jami'ar Harvard cewa mutane kaɗan ne ke gyaruwa ta hanyar suka, yawanci ƙarfafawa ce ke ɗaga su. Kai da ke kafa hujja da shi, yaushe rabon da ka taka gidan yaron da ya zubar da fenareti ka ce masa ya zo atisaye gobe?

Muna da namu misalin da ya kamata ya dame mu. Ranar 17 ga Yunin 2010, a Bloemfontein, Najeriya na gaban Girka da ci ɗaya, Sani Kaita ya ɗaga ƙafa ya shuri Torosidis, aka ba shi jan kati, aka ci mu biyu da ɗaya. Yaron da ya ciyo mana azurfa a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, ya sake ciyo wata a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, ya fita fili yana rufe fuska da riga. Ya nemi gafarar 'yan ƙasa. Duk da haka kakakin tawagar ya ce saƙonnin barazanar kisa da aka aiko masa sun haura dubu. Yana da shekara 24 lokacin, kuma tauraruwarsa a Super Eagles ba ta sake haskawa kamar da ba. Kuskurensa da na Beckham iri ɗaya ne. Mutanen da suka aika waɗancan saƙonni ba daga sama suka faɗo ba. A filaye irin namu suka koyi cewa wanda ya yi kuskure a ƙwallo ya halatta a ci mutuncinsa.

Ku dubi kuma abin da amincewa ke haifarwa. Marigayi Stephen Keshi ya tafi gasar Afirka ta 2013 da 'yan wasa shida masu bugawa a gida, ana ta zaginsa a jaridu. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Kwaddibuwa ƙwallon da ta fitar da su Drogba, shi kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg. A shekarar dai, Manu Garba, mutumin Gombe, ya kai 'yan ƙasa da shekara 17 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ɗauko kofin duniya, sun zura ƙwallo 26 a wasa bakwai. Kyaftin ɗinsu Musa Muhammed, ɗan Kano, mai tsaron baya ne, amma yana hawa gaba, har ya ci Meziko da bugun tazara a wasan ƙarshe. Yaran da ke waiwayen benci ba sa cin ƙwallo 26. Yashe tana kan titin Kano zuwa Katsina, Kano Pillars na wannan hannu, Katsina United na wancan. Ahmed Musa bai cika shekara 18 ba ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Pillars. Masu neman 'yan wasa irinsa suke nema, yaron da zai tunkari mutum ba ya shakka. Irin wannan yaron ne bulalarka ke fara kashewa.

Yanzu maganar rai, wadda ta fi duk waɗannan. A watan Afrilu zafi a ƙasar Katsina yana wuce digiri 40. Ka sa yaro zagaye fili a wannan rana, ka hana shi ruwa don ladabtarwa, kana wasa da ransa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da jinin AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, yana iya zama gwarzon ɗan wasa, amma gudu mai tsanani babu hutawa, cikin zafi da ƙishirwa, yana iya kayar da shi farat ɗaya. Saboda mutuwar ɗalibai a wurin atisaye ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman gwajin jinin a 2010. A cikin yara ashirin da ke gabanka, akwai yiwuwar huɗu ko biyar AS ne, kuma ba ka san ko su wane ne ba. Idan ɗayansu ya durƙusa ya ce ƙafafunsa sun riƙe, me kake ce masa? "Tashi, munafuki." Samuel Okwaraji ya faɗi ya mutu a Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020, a wasa da Katsina United ɗinmu, bai tashi ba. Waɗannan ƙwararru ne, a manyan filaye, kuma ba laifin koci ne ya kashe su ba. Na kawo su ne don ka san cewa jikin matashi mai ƙarfi yana iya tsayawa ba sallama. Kai da ba ka da ko akwatin magani, asibiti kuma sai an nemi babur, da wane ƙarfin hali kake ƙaryata yaron da ya ce numfashinsa na ɗaukewa? Da azumi ma wasu ba sa sassautawa, yaro bai sha ruwa ba tun asuba ana sa shi tsallen kwaɗo kafin a sha ruwa.

Ciwon da ke cikin zuciya kuwa ba a ganinsa sam. A Disambar 2012, a birnin Osaka na Japan, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar Sakuranomiya, ɗan shekara 17, ya kashe kansa bayan kocinsa ya yi ta marinsa. A Yunin 2020, a Koriya ta Kudu, Choi Suk-hyeon, 'yar shekara 22, ta yi haka bayan shekaru tana shan duka da zagi, tana kai ƙara ba a saurare ta ba. Kotu ta ɗaure kocinta shekara bakwai. Su ma waɗannan kociyoyi cewa suke yi tarbiyya suke bayarwa. Za ku ce namu yaran Musulmi ne, ba za su yi haka ba. Allah ya tsare. Amma rashin kaiwa can ba ya nufin lafiya lau suke. Yaron da ya daina cin abinci ranar wasa, wanda cikinsa ke murɗawa idan ya ji usur, wanda ya koma gida ya huce kan ƙannensa, wanda ya yarda a ransa cewa shi ba ya da amfani, duk ciwo suke ɗauke da shi. Kuma an koya musu cewa namiji ba ya kuka, don haka ba za ka taɓa ji daga bakinsu ba.

Hujjar ƙarshe ita ce ta al'ada: "Haka aka yi mana, ga mu mun zama mutane." Ku da kuka rage ne ke wannan magana. Waɗanda dukan ya kora ba sa nan balle su ba da shaida. Kuma wace al'ada? A gidan dambe, inda ake wasan da ya fi ƙwallo zafi nesa ba kusa ba, da kiɗa da kirari ake tayar da tsumin ɗan wasa. Ɗan Anace da yabo ya riƙa zuga Shago, har sunansa ya gagari mantuwa. Idan aka kai ɗan dambe ƙasa, 'yan ɓangarensa ne ke shiga su ɗaga shi, su zuba masa ruwa. Katsina kuma garin dawaki ne. Tun zamanin Sarki Dikko ake ƙwallon dawaki a nan, Sarki Usman Nagogo kuma har yau ana ambatonsa cikin gwanayen wasan. Ku tambayi kowane barga: dokin da aka saba wa duka a ka, da ya ga an ɗaga sanda sai ya kauce, ba zai sake shiga turmutsutsu bayan ƙwallo ba. Mai doki ya san wannan game da dabbarsa, kai kuma ka kasa saninsa game da ɗan mutum.

Idan kuwa addini ne, to bai goyi bayanku ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da labarin cewa bai taɓa kyararsa kan abin da ya yi ko wanda ya bari ba. An hana dukan fuska. An hana zagin iyayen wani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da yake siffanta karantarwar Shehu Usmanu a Infaƙul Maisur, sakin fuska da haƙuri da jama'a ya ambata. Mutumin da ya fito daga sahun la'asar ya nufi fili ya zagi uwar yaro, ya sake duba kansa.

Ban ce a bar yara sakaka ba. Ƙungiyar da ba ta da doka ba ƙungiya ba ce. Ka kafa dokarka a gaban kowa tun ranar farko: wanda ya makara ba dalili ba zai fara wasa ba, wanda ya yi faɗa zai huta mako guda, wanda aka kama da ƙwaya za a je wurin mahaifinsa. Ka tsaya a kanta, ko a kan ɗan wanda ya sayi riguna ne, domin son kai wajen zaɓen 'yan wasa yana karya zuciyar yara kamar yadda mari ke yi. Benci hukunci ne mai zafi ga mai son ƙwallo, ba ya buƙatar ƙarin dorina. Amma kuskuren fasin ba laifi ba ne, rashin iyawa ne, maganinsa koyarwa. Ka ja yaron gefe, ka nuna masa inda zai dasa ƙafar da yake tsaye a kai, ka ce ya ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, ka sa ya maimaita sau ashirin, in ya yi daidai ka ce madalla kowa ya ji. Ka tambaye shi, "Me ka gani da ka ba da ita can?" Sau da yawa za ka tarar tunaninsa daidai ne, ƙafar ce ba ta kai ba tukuna.

A nan ne gaskiyar da ta fi ɗaci take. Yawancin masu zagi suna zagi ne don ba su san abin da za su koyar ba. "Ku yi wasa mana!" ba umarni ba ne. Kocin da ya san gyara yana faɗin gyara, wanda bai sani ba sai ya ɗaga murya don ya rufe rashin saninsa. Tsohon ɗan wasa ba lalle ne ya zama malami ba. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas da ke horar da kociyoyi, akwai takardun shaidar CAF da ake farawa daga matakin D, FIFA ma tun 2019 ta fitar da tsarin kare yara a harkar ƙwallo. Wanda Legas ta yi wa nisa, wayar da yake kallon ƙwallayen Turai da ita cike take da darussan atisayen yara kyauta.

Ku kuma iyaye, da ku nake. Kun san malamin ajin ɗanku, kun san na Islamiyyarsa, amma mutumin da yake kwashe yamma shida a mako tare da shi ba ku taɓa zuwa kun ga yadda yake yi ba. Wasunku ma cewa kuke yi, "Koci, in ya ƙi ji ka zane shi." Ku 'yan siyasa da ke sa kofi gabanin zaɓe, da jami'an wasanni na ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, kuɗin da ake kashewa a rumfa da kujerun ranar wasan ƙarshe ya isa a kawo ƙwararre ya zauna da kociyoyin mazaɓu na kwana biyu, a gayyato ma'aikacin lafiya daga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ya nuna musu abin da ake yi idan yaro ya faɗi. Ku sa sharaɗi a takardar shiga gasa: dole kowace ƙungiya ta zo da ruwan sha, kuma kocin da ya ɗaga hannu a kan yaro an cire shi daga gasar, ko ƙungiyarsa ce ke kan gaba. Uban da ya je fili ya tarar ana dukan ɗansa, ko ɗan maƙwabcinsa, ya tsayar da abin nan take, ya kama hannun yaron, su wuce wurin mai unguwa.